Neman shawara kan farfaɗo da tsohuwar Berliet ta soja

Mai Garaji, Unguwar Zariya:
Assalamu alaikum. Na sayi tsohuwar motar soja ƙirar Berliet GBC 8 KT, irin wadda sojojin Faransa suka fara amfani da ita a 1961, tare da tirelarta, kuma ta daɗe a ajiye cikin rana da ƙura a nan Maraɗi. Sha'awa ce ta sa na saye ta, ba don haya ba. Ta ina ya kamata in fara?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar tayar da injin. Ka fara zubar da tsohon gazuwal, ka wanke tanki, ka canza baƙin mai da matatu, sannan ka juya injin da hannu domin ka tabbatar bai ƙame ba. Wutarta bolt 24 ce, saboda haka batir ɗaya na ƙaramar mota ba zai tashe ta ba. Abin da ya fi damuna shi ne birki, domin na iska ne, kuma robobinsa da bututunsa sukan tsattsage idan mota ta daɗe a tsaye cikin zafin ƙasarmu.

Makanike daga Tibiri:
Gaskiya ne, Baba. Game da kayan gyara, tun 1978 Berliet ta koma ƙarƙashin sunan Renault, don haka ka nemi wasu sassan a wurin masu tsofaffin kayan Renault. Tirelar kuma, ka duba tsatsa a ƙugiyar ja.

Tsohon Direba:
Kafin fenti, ka kammala takardun mallaka, kuma ka guji launin soja, domin a halin tsaron da ake ciki zai jawo maka tambayoyi a kowane shingen bincike.