An kawo mana mujiya da fiffike a saɓule, ta ina za mu fara?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum. A wurinmu na 'yan sa-kai masu jinyar namun daji, nan wajen Argungu, an kawo farar mujiya da yara suka harba da danƙo. Fiffiken hagu yana ja ƙasa, babu jini sosai, nauyinta giram 290. Ta ƙi cin komai. Likitan dabbobi sai jibi zai zo daga Birnin Kebbi. Me za mu yi kafin nan?

Malamin Gandu:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka bar zancen abinci tukuna. Samo kwali mai ɗan faɗi, ka huda shi ta gefe, ka shimfiɗa tsohon tawul, ka ajiye ta a ɗaki mai duhu da iska, nesa da hayaniya. Kejin waya yana kakkarya gashin fiffike da na wutsiya, kuma tsuntsun da gashinsa ya lalace ba ya sakuwa ko ƙashi ya warke. Wurin kamu, lulluɓe kan da zane, ka fara riƙe ƙafafu da safar hannu mai kauri. Faratan ne abin tsoro, bakin da sauƙi.

Bayan awa biyu ta natsu, sai ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka ɗiga da sirinji marar allura a gefen baki, ɗigo ɗigo, kana jiran ta haɗiye. Kada a ɗura mata. Ƙofar numfashin tsuntsu tana gindin harshe, da zarar ta ƙware ruwan ya shiga huhu, shi ke nan.

Hajiyar Zuru:
Malam ya faɗi gaskiya. Ni kan ɗaurin zan tsaya, don a nan ake yawan ɓarna. Ka shafa fiffiken a hankali ka gano inda karayar take. In daga gwiwar fiffike zuwa ƙasa ce, naɗe shi yadda take naɗewa da kanta, ka ɗaure da bandeji mai laushi, ɗauri mai siffar lamba 8. In ƙashin sama ne, wanda ya haɗu da kafaɗa, sai an haɗa fiffiken da jiki, a zagaya ta ƙarƙashin ɗaya fiffiken, gaban ƙafafu. Yatsa ya iya shiga tsakanin bandeji da ƙirji, domin da motsin ƙashin ƙirji tsuntsu yake numfashi. In ka matse, ka shaƙe ta.

In ƙashi ya fito waje, kada ka tura shi ciki, kuma kada ka kwarara ruwa a kai. Ƙashin sama rami ne a cikinsa, yana haɗe da jakunkunan iska da tsuntsu yake numfashi da su. Rufe da auduga mai tsabta da ɗan damshi, ka kare shi daga ƙuda, don a zafin nan tsutsa ba ta jira.

Ƙashin tsuntsu kan haɗe cikin kamar mako uku. Barin ɗauri ba a kwancewa yana sandarar da gaɓar, shi ya sa likita zai riƙa buɗewa yana motsa ta. Kuma don Allah a guji maganin mutane, musamman diclofenac, wanda ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya. Maganin zafi aikin likita ne. A tuna masa ya duba idanu, harbin danƙo yakan taɓa kai.

Ɗan Fadama:
Na gode, Hajiya. Akwai tsokar saniya a hannu, za ta yi?

Baban Yauri:
Ta yi na kwana biyu ko uku, yaro, a yanka ƙanana a tsoma cikin ruwan gishiri da sukarin nan, bayan ta sha ruwa ta yi kashi. Taɓa ƙashin ƙirjinta: in ya fito kamar kaifin wuƙa ta rame, sai a ba ta kaɗan kaɗan, sau uku ko huɗu. Amma jan nama zalla ba ya gina ƙashi. Da ta farfaɗo a koma ɓera sukutum, biyu zuwa uku a dare, ko 'yan tsaki biyu. Ɓeran tarko kawai. Wanda ya ci shinkafar ɓera zai iya kashe ta. In ka ga ta amayar da curin gashi da ƙasusuwa, lafiya ce, haka cikinta yake aiki.

Ka raba ta da kaji saboda murar tsuntsaye, ka wanke hannu da sabulu bayan kowane kamu. Kada a sake ta sai ta tashi daga ƙasa zuwa sama a babban ɗaki ba ta karkacewa, ta kuma kama ɓera mai rai da kanta. Da magariba ake saki, kusa da inda aka tsince ta. Kafin ranar, a zauna da mai unguwa da iyayen yaran nan. Masu ce mata tsuntsuwar mugun abu su sani ita ke rage musu ɓerayen gonar shinkafa da na rumbu, in ba haka ba danƙon yana nan yana jiranta.