Abin da muka tattauna kan ɗan ƙwallon ƙafa Iuliu Bodola

Ga abin da na tsinto, tunda maganar ta yi tsawo:

1. Kowa ya yarda gwarzo ne. Ya buga wa Romaniya Gasar Cin Kofin Duniya ta 1934 da 1938, kuma ya daɗe riƙe da tarihin yawan ƙwallayenta kafin Gheorghe Hagi ya wuce shi.

2. An rabu kan komawarsa buga wa Hungary. Wasu sun ce butulci ne. Mafi yawa suka ce a tuna an miƙa Oradea, birnin Romaniya da ya daɗe yana buga wasa a cikinsa, ga Hungary a 1940, ƙasar ce ta sauya a ƙarƙashin ƙafarsa. Ni ma nan na tsaya.

3. Shawara: kada a auna shi da 'yan wasan yau, a duba kakarsa uku a ƙungiyar Venus ta Bukarest.