An ba ni shugabancin ɗakin yara, ta yaya zan riƙe ma'aikatana?

Nas daga Katsina:
Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da aka ba ni riƙon ɗakin yara a asibiti. Kun san yadda damina take mana, daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗaki, wani gadon yara biyu. Shekaranjiya wata ƙaramar nas ta manta ba ta rubuta lokacin da ta sa wa yaro ƙarin ruwa ba, na yi mata faɗa a gaban iyaye. Tun ranar, gaisuwa kawai ke haɗa mu, sauran ma sun yi sanyi. Abin yana damuna ƙwarai. Me zan yi?

Tsohuwar Matron, Daura:
Wa alaikumus salam 'yata. Gyaran daidai ne, wurin ne bai dace ba. Ki kira ta ofis ku biyu, ki fara tambayar ta dare nawa ta yi a jere, ki saurara har ta gama. Sannan ki ba ta haƙuri, girmanki ba zai ragu ba. Ni shekara 31 na yi a aikin nan, kuma idan raina ya ɓaci sai na je na wanke hannu kafin na buɗe baki.

Ungozoma:
Sista, ki duba jadawalin aikin dare ma. Idan mutum ɗaya kullum ke kwana, ko kin yi magana mai daɗi ba za ta shiga ba.

Nas daga Katsina:
Na gode Mama. Na duba, dare huɗu ta yi a jere. Gobe in sha Allah zan kira ta.