Cadi na da ikon bin maharan har cikin ƙasar wani?

Kawu Direba (Kusiri): Salamu alaikum jama'a. Ni dai a ganina duk ƙasar da aka kashe wa soja tana da ikon bin maharan duk inda suka shiga, ba sai ta nemi izinin kowa ba. Ku tuna harin Boko Haram a Bohoma, yankin tafkin Cadi, a Maris 2020, sojan Cadi kusan 100 aka kashe a rana ɗaya. Marigayi Idris Debi da kansa ya sa kaki ya tafi bakin tafki. Wa zai ga laifinsa?

Malam (Garwa): Wa alaikumus salam. Kawu, da gyara. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, sashe na 2(4), ya hana ƙasa shiga wata da ƙarfin soja. Sashe na 51 ya bar ƙofar kare kai idan an kawo hari da makami, amma dole a sanar da Kwamitin Sulhu nan take.

Kawu Direba: To ai an kawo harin, Malam!

Ɗalibar Shari'a (Ngaundere): Kawu, a yi haƙuri in sa baki. Tambayar ita ce wa ya kawo shi. Ba gwamnatin Najeriya ce ta kai hari Bohoma ba. Yuganda ta taɓa kawo irin hujjarka, ta ce 'yan tawayen ADF na kai mata hari daga gabashin Kwango. A 2005 Kotun Duniya ta ce ba a nuna gwamnatin Kwango ce ta turo su ba, ta yi watsi da hujjar. A 2022 aka yanke wa Yuganda diyyar dala miliyan 325.

Alhaji (Injamena): 'Yata, wannan duk a takarda ne. Amurka ta shiga Pakistan a 2011 ta kashe Bin Laden. A 2014 ta fara jefa bom a Siriya, ta ce gwamnatin can ko ba ta so ko ba ta iya hana ISIS. Wa ya kai ta kotu?

Ɗalibar Shari'a: Baba, rashin hukunci bai mayar da abu halal ba. Meksiko da Birazil sun fito fili sun ƙi wannan fassarar.

Malam: Kuma Kawu, a gabanka sojan Cadi suka bi ta Kusiri a Janairun 2015 zuwa Fotokol. Da yardar Yawunde suka shigo. Shi ya sa aka ƙarfafa rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin Cadi mai hedkwata a Injamena, ɓangarenmu a Mora. In mai ƙasa ya yarda, ba a ma bukatar sashe na 51.

Kawu Direba: Ɓarawo ya faɗa gidan maƙwabci da saniyata, sai in tsaya sallama?

Hajiya (Marwa): Ƙwarai kuwa, in ba ka so a ce kai ne ɓarawon. Mu 'yan Kamaru kada mu yi saurin raina doka. Hukuncin kotun nan na 2002 ne ya tabbatar mana da Darak da Bakasi, ba bindiga ba. In aka ce kowa ya tsallaka don ya ji ciwo, wanda ya fi mu ƙarfi ne zai fara tsallako mana. Sannan mai jirgin yaƙi daga sama ina zai gane kwalekwalen masunta da na 'yan ta'adda?

Alhaji: Na ji, Hajiya. Amma Nijar ta fice daga rundunar a 2025. Yanzu in maharan sun gudu tsibiran ɓangaren Difa, wa za a tambaya, kuma kwana nawa za a jira amsa?

Ɗalibar Shari'a: Yamai za a tambaya, Baba. Ficewa daga runduna bai goge iyaka ba.