Yaro ya kafe sai gyaran jirgin sama, ina za a kai shi?

Hajiya Mariyama: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ɗan ƙanwata ya samu bak D bana, takardar gama sakandare ta fannin kimiyya, ya ce shi gyaran jirgin sama zai koya, ba likita ba, ba komai ba. Uwarshi ta rasa ta cewa. Wace makaranta ce ta kirki don Allah?

Sani Gareji: Wa alaikumus salam Hajiya. EAMAC mana, ga ta nan Yamai.

Isufu: A'a Sani. EAMAC ta ASECNA ce, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasashen Afirka da dama, masu ba jirage hanya take horarwa, da masu hasashen yanayi, da masu gyaran na'urorin filin jirgi. Ba a can ake koyon buɗe cikin jirgi ba.

Sani Gareji: To ai duk jirgi ne.

Isufu: Kamar ka ce da jandarman hanya da makanike duk mota ne.

Malam Lawali: Hajiya, ki tsaya ki ji tawa kafin ku fidda ko dala. Ƙanena na kai wata makarantar kuɗi a wata ƙasa ta bakin teku, ba zan kama suna ba. Hotunansu muka gani a Facebook, yara sanye da kaki suna tsaye gindin jirgi, muka ce shi ke nan. Gonarmu ta hanyar Mirya ita ta tafi a kuɗin karatun. Shekara uku yana can. Ya dawo da takarda mai kyan gaske, har da hatimi mai ruwan zinari, tsohuwarmu ta sa aka yi mata firam. Da ya je neman aiki, tambayar farko da aka yi mishi ita ce ina lambar amincewar da hukumar jiragen sama ta ƙasar ta ba makarantar. Babu. Ina littafin da ake rubuta ayyukan da ya yi da hannunshi, wanda mai lasisi ya sa ma hannu? Babu. Ashe duk zaman da ya yi, wani mataccen inji guda suke kwancewa suna ɗaurawa, jirgin hoton kuwa na filin jirgi ne aka kai su yawon buɗe ido. Yanzu janareta yake gyara nan Sabon Gari. Yana samun na abinci, alhamdu lillahi, amma gonar ba ta dawo ba. Laifina ne, ban tambayi kowa ba, kunya ta hana ni a ce ban sani ba.

Hajiya Mariyama: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Malam.

Abdu Kazablanka: Amin. Abin da ya ci Malam ke nan, takardar makaranta daban, lasisi daban. Hukumar jiragen sama ta ƙasa ce ke ba da lasisi, a wajenmu ANAC. Ƙa'idar OACI, hukumar jiragen sama ta duniya, ta ce sai mutum ya kai shekara 18, ya kuma yi shekara 4 yana aiki a kan jirgi, ko 2 in ya gama makarantar da aka amince da ita.

Hajiya Mariyama: Wannan lasisin shi ne lisans irin ta jami'a?

Abdu Kazablanka: A'a Hajiya, suna ne ya zo ɗaya da Faransanci. Wannan izinin sa hannu ne cewa jirgi ya gyaru, ya iya tashi. A tsarin Turai, wanda suke kira Part-66, akwai B1 na inji da gangar jiki, akwai B2 na lantarki da na'urorin tuƙi. Karatun B2, ko B1 na manyan jirage, awa 2400 ne a makarantar da ke da amincewar Part-147, wato ƙa'idar Turai ta makarantun gyaran jirgi, kowace jarrabawa kuma sai ka ci 75 cikin 100. Bayan nan shekara 2 ta aiki. Wanda bai bi ta makaranta ba, 5 zai yi. Ko ka samu lasisin ma, ba ka sa ma Boeing 737 hannu sai ka yi kwas ɗin wannan samfurin.

Rabi'u: 75? Mu da 10 bisa 20 ta ishe mu murna 😂

Isufu: Ni dai Zariya zan ce. Kwalejin jiragen sama ta can tun 1964 take, suna koyar da gyaran jirgi, ga kusa. Ya bi ta Matamaye ya faɗa Daura, sai Kano.

Zainabu Birni: Habasha fa? Makarantar Ethiopian a Adis Ababa, jiragen kamfanin na nan kusa da ɗalibai.

Isufu: Kuɗin jirgin zuwa kaɗai ya ishi mutum.

Zainabu Birni: Yaya Isufu kai komai sai ka ja mu Najeriya, don matarka ƴar can ce.

Isufu: Bar matata a gefe. Yaron da bak ɗin Faransanci, ko ina ya je sai ya koyi Ingilishi, gara inda zai sayi kokon safe da Hausa.

Abdu Kazablanka: Ingilishin dole ne, littattafan gyara da shi ake rubuta su, har na Airbus da ake haɗawa a Faransa. Duk wadda kuka zaɓa, a fara zuwa ANAC a ji ko za su karɓi takardarta, a kuma tambayi makarantar inda ɗalibanta ke yin aikin gwaji.

Sani Gareji: Duk wannan dogon karatu don ɗaure ƙusa. Ni da ido nake gane lambar ƙusa.

Abdu Kazablanka: Idon nan shi ya kusa kashe mutum a 1990. Jirgin British Airways ya tashi daga Bamingam, gilashin gaba ya fice a sama, iska ta zuƙe matuƙin har rabin jikinshi na waje, abokan aiki suka riƙe ƙafafunshi har aka sauka. Ya rayu. Da aka bincika, cikin ƙusoshi 90 na gilashin, 84 sun yi siriri da abin da bai kai milimita guda ba. Wanda ya ɗaura su ƙwararre ne, aikin dare yake, ya gwada da ido bai duba littafi ba. Shi ya sa darasin gajiya da kuskuren ɗan Adam ke cikin jarrabawa.

Rabi'u: Sani, yanzu na gane dalilin da tayar babur ɗina ta riga ni isa kasuwar Dole.

Sani Gareji: Ka biya ni jika biyun da nake bin ka tukuna.

Rabi'u: Admin a shiga tsakani.

Hajiya Mariyama: To jama'a, Zariyar ko Habashar? Uwar yaron na nan zaune gabana.

Malam Lawali: Ku je ANAC ɗin tukuna Hajiya. Kada ku taɓa gona.

Sani Gareji: Jika biyu Rabi'u, ina gareji har la'asar.