Shin da gaske a Makka aka ɗauki fim ɗin Ar-Risala?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum. Wata gardama ce ta haɗa ni da kawuna, ina neman wanda ya san gaskiyar al'amarin ya raba mu. A azumin da ya wuce mun sake kallon fim ɗin Ar-Risala bayan sallar asham, kuma da aka zo wurin da Bilal ya hau kan Ka'aba ya kira salla, kakarmu ta ajiye carbinta tana ta salati har da hawaye. Kawuna, wanda ya sauke farali sau biyu, ya dage cewa duwatsun da ake gani a bayan garin duwatsun Makka ne, ni kuma hankalina bai kwanta da hakan ba, domin ban ga yadda za a bar 'yan wasa da kyamara su shiga Harami ba. A ina aka ɗauki wannan fim?

Malam Na-Zazzau:
Wa'alaikumus salam. Ka gaishe da kawu, amma gaskiya tana wajenka, ɗan'uwa. Ba a ɗauki fim ɗin a Makka ba, kuma ko babu batun izini, da yawa daga cikin 'yan wasan da ma'aikatan ba Musulmi ba ne, ga shi kuma Makkar shekarun 1970 ta riga ta cika da tituna da motoci da fitilun lantarki, ba za ta yi kama da garin ƙarni na bakwai ba. Mustafa Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Siriya wanda ya shirya fim ɗin kuma ya ba da umarni, ya fara aikin a Maroko a 1974, inda aka gina kwaikwayon tsohuwar Makka a kusa da birnin Marrakesh, har da siffar Ka'aba da gumakan da ke kewaye da ita a zamanin jahiliyya. Ana tsakiyar aiki sai matsin lamba daga Saudiyya ya sa Sarki Hassan na Biyu ya janye goyon bayansa, dole Akkad ya kwashe mutanensa da kayansa ya koma Libiya, inda Mu'ammar Gaddafi ya ba shi kuɗi da fili ya ƙarasa. Fim ɗin ya fito a 1976.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne cewa fim biyu aka ɗauka a lokaci guda. Idan 'yan wasan Turanci suka gama fitowa ɗaya, sai na Larabci su shigo su maimaita ta a wuri ɗaya. Shi ya sa za ka ga Anthony Quinn a matsayin Sayyidina Hamza a na Turanci, amma a na Larabci Abdullah Gaith na Masar ne, haka nan Hindu 'yar Utba, Irene Papas ce a ɗaya, Muna Wasif ta Siriya a ɗayan.

Bakatsine:
Malam, a gafarce ni, ni dai na taso da sanin cewa gaba ɗayansa a Libiya aka yi, kuma hujjata ita ce hamadar da ke cikinsa da ta fim ɗin Umar Mukhtar duk iri ɗaya ce.

Malam Na-Zazzau:
Ba ka yi nisa da gaskiya ba, kuma na san inda ruɗanin ya samo asali. Fim ɗin Umar Mukhtar, wato Lion of the Desert na 1981, shi ma Akkad ne ya yi shi, Anthony Quinn ne jarumin, Gaddafi ne ya ɗauki nauyinsa, kuma a Libiya aka ɗauki yawancinsa, domin a can labarin ya faru: a garin Suluk Italiyawa suka rataye dattijon ranar 16 ga Satumba, 1931. Wanda ya kalli fina-finan biyu a jere dole su sarƙe masa a kai. Amma Ar-Risala a Maroko ya soma.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni ba masaniyar fim ba ce, amma harkar kasuwanci ta taɓa kai ni Maroko, kuma abokan tafiya suka ja ni zuwa Warzazat, garin da ke bayan duwatsun Atlas, inda ake da manyan wuraren shirya fim. Kusa da shi akwai wani tsohon ƙauye mai ganuwa da ake kira Ait Ben Haddu, wanda yake kan tsohuwar hanyar fatake tsakanin Marrakesh da Sahara, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. An nuna mana filin da aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Gladiator. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ginin kansa, domin da na dafa bangon wani soro na ji jar ƙasa ce da aka cuɗa da ciyawa, irin yaɓen gidan kakana a cikin birnin Kano, sai dai su sun jera benayensu a jikin tudu, wani a kan wani. A nan na gane dalilin da ya sa masu fim suke tururuwa can duk lokacin da suke son nuna garin da, tunda babu abin da za su ƙara sai raƙuma da tufafi. Don haka, ɗana, ka bi kawunka a hankali, domin wanda ya taɓa ganin baƙaƙen duwatsun Makka da idonsa, duk dutsen hamadar da ya gani zuciyarsa can za ta koma.

Ɗan Kurmi:
Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. Ashe na Larabcin muke kallo a gida duk shekarun nan, ban taɓa sanin cewa Hamzan da muka sani daban yake da na Turanci ba. Zan nemo ɗayan kafin Juma'a in kai wa kawu mu zauna mu gwada su fitowa bayan fitowa.