Japananci bayan matakin farko: a ina kuka maƙale, kuma yaya kuka fita?

Bakatsine

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka karanci harshen Japan a jami'a har suka wuce matakin farko su ba ni labari. Na zo Japan da tallafin karatu na gwamnatinsu, wato MEXT, ta hannun ofishin jakadancinsu da ke Abuja, kuma fannin noma nake. Kafin mu shiga ɗakin bincike an ba mu wata shida na harshe zalla. A lokacin kullum sai in ji na ƙaru: yau haruffan hiragana, gobe na katakana, jibi ina sayen tikitin jirgin ƙasa da bakina. Na ci matakin N3 a jarrabawar ƙwarewar harshen Japan, wato JLPT. Yanzu ina ajin tsakiya, kuma abin ya tsaya cik. Ina zuwa aji, ina yin aikin gida, amma idan malamina da ɗalibansa suka fara muhawara a taron mako, sai in kama farkon zance in rasa ƙarshensa. Jarida kuwa ban isa in karanta ta babu ƙamus a gefe ba. Da Turanci zan rubuta kundina, saboda haka babu wanda ya tilasta mini ci gaba. Ni ne dai ba na son in koma gida da harshen cefane kawai. Wanda ya bi ta nan ya faɗa mini abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Yayanku na Osaka

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, babu wanda bai sha wannan ba. Ni digirin farko na zo yi, na yi shekarar share fage a Jami'ar Osaka, sannan na karanci tattalin arziki da Japananci tun daga ranar farko har ƙarshe.

Abin da ya same ka yana da dalili. A matakin farko kalmomin gida ake koya maka, na asalin harshen. Da ka shiga tsakiya sai a buɗe maka wata taska daban, kalmomin da suka samo asali daga Sinanci, yawancinsu kanji biyu ne a haɗe, wato haruffan da aka aro daga rubutun Sin. Ka san *hajimeru*, farawa, amma takardar ofis *kaishi* za ta rubuta. Ka san *kimeru*, yanke shawara, amma malami a lacca *kettei* zai ce. Kamar mutumin da ya iya Hausar kasuwa ne aka zaunar da shi a majalisin tafsiri, inda rabin kalmomin malam daga Larabci suke. Hausa ce yake ji, amma ma'ana tana wuce shi.

Ga kuma yawan kanjin. Jerin da gwamnati ta tsayar a 2010 don amfanin yau da kullum guda 2,136 ne. Yaran firamare suna koyon 1,026 a shekara shida, kai kuma kana son ka haɗiye su a shekara ɗaya ko biyu. Dole numfashi ya yi sama.

Abin da ya sauya mini tafiya shi ne na bar haddar kanji ɗaya-ɗaya. Ɗauki 生 kaɗai: a wani wuri *sei*, a wani *shō*, a wani *nama*, a wani kuma farkon *ikiru* ne ko *umareru*. Idan ka ce sai ka haddace karatunsa duka a jere, ba za su zauna ba. Cikin kalma nake koyon sa, kalmar kuma cikin jimlar da na tsinta a littafin darasina na tattalin arziki. Sannan wata malamarmu ta nuna mana cewa kanji da yawa suna ɗauke da alamar furucinsu a jikinsu. Duba 青 da 晴 da 清 da 精, ɓangare ɗaya ne yake maimaituwa, kuma duk ana iya karanta su *sei*. Tun daga ranar na fara cinkar karatun kalmar da ban taɓa gani ba, kuma sau da yawa ina dacewa.

Zangon farko na lacca ya yi mini nauyi ƙwarai. Minti 90 malami yana magana, rubutunsa a allo a gurguje, kanjin sun narke cikin juna. Na roƙi izini ina naɗar murya, na kuma ari littafin rubutun wani da ya riga ni shekara ɗaya. A zango na biyu kalmomin fannin suka fara maimaita kansu, domin kowane fanni 'yan kalmominsa ne yake juyawa. Fara da na noma, ka bar jarida tukuna.

'Yar Damagaram

Sannunku. Ni ba a Japan na fara ba. A Jami'ar Alkahira na yi, sashen harshe da adabin Japan, wanda aka buɗe tun 1974. Mun sha nahawu sosai, mun yi fassara zuwa Larabci, mun karanta adabi a rubutun da ke saukowa daga sama zuwa ƙasa, har tsohon harshe mun taɓa. Ina alfahari da wannan tushe har yau. Sai dai da zarar ka fita daga aji Larabci ne ko'ina, bakinka ba ya samun wurin motsawa.

Da na samu shekara ɗaya a Japan cikin shirin MEXT na ɗaliban da harshen ne fanninsu, sai na ga abin mamaki. Labaran NHK, gidan rediyo da talabijin na ƙasar, ina fahimta, amma 'yan matan ɗakin kwananmu ba na gane rabin hirarsu. Suna datse kalmomi, suna haɗiye ƙarshen jimla, ga waɗanda suka fito daga yankin Kansai da nasu karin harshen. Ni kuma kowa *desu* da *masu*, salon ladabi, nake yi masa, har wata ta ce mini in saki jiki, ai mu ƙawaye ne. Na shiga ƙungiyar ɗalibai masu koyon haɗa shayi na gargajiya, a nan kunnena ya buɗe.

Yaya Bakatsine, kada ka raina harshen cefanen nan. Ni a bayan leda na fi saurin haddace kanji. Kana tsaye a kanti da biskit a hannu, kana bin ƙananan layukan da ido kana neman 豚, alade, ko 酒, giya, ko *mirin*, giyar girki, ko sunan man da aka sa. Abin da cikinka da addininka suka rataya a kai ba ya fita daga kai.

Kuma mu gode wa Allah da Hausa. Abokan karatuna da yawa sun sha wuya da dogon wasali da baƙi mai ruɓi, su kasa raba *obasan* da *obāsan*, ko *kite* da *kitte*. Mu da muka tashi muna raba daba da dabba ba mu ji komai ba. Hawa da saukar murya ma, irin na *ame* ruwan sama da *ame* alewa, kunnenmu yana kamawa da wuri.

Injiniya

Bari in taɓo jarrabawa, don na ga kana auna kanka da N3. JLPT tana da mataki biyar, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1 mafi wuya, a Japan ana yin ta a Yuli da Disamba. Maki 180 ne gaba ɗaya. N2 tana son 90, N1 tana son 100, kuma kowane ɓangare cikin ɓangarorinta uku sai ka samu aƙalla 19, ko da jimillarka ta kai. Duk zaɓi ne ake yi a takarda. Babu magana, babu rubutun insha'i.

Na ci N1 ina shekarar ƙarshe. A watan da sakamako ya fito aka ce in gabatar da aikina a gaban 'yan zemi, wato rukunin ɗaliban malaminmu. Na karanta abin da na rubuta lafiya lau. Da aka zo tambayoyi, wani ya yi mini doguwar tambaya cikin ladabi mai zagaye-zagaye, na gane kowace kalma, amma na kasa gane ko yabo yake ko suka, bakina kuma ya ƙi haɗa amsa. Takardar ba ta auna wannan ba ko kaɗan. Abin da ya taimake ni daga baya shi ne bin murya: in kunna hirar rediyo, in riƙa maimaita abin da mai magana yake faɗa a bayansa kai tsaye, ina tafiya a kan keke.

Maman Hanifa

Injiniya, gaskiya ka faɗa, amma kada a sanyaya wa yaro gwiwa game da jarrabawar. Lokacin da nake neman aiki, kamfanoni da yawa N2 ko N1 suke fara tambaya kafin su ga fuskarka. Kuma shirin N2 ne ya koya mini saurin karatu. Minti 105 ake ba ka na nahawu da karatu a haɗe, wanda ya tsaya yana auna kowace kalma ba zai kai ƙarshe ba.

Ni abin da ya fi ba ni wuya keigo ne, harshen girmamawa. Mu ma muna da namu, ba ka ce wa dattijo "kai" kai tsaye, amma nasu aikatau ɗin ne yake sauyawa gaba ɗaya. Idan malami ne zai ci abinci, *meshiagaru*. Idan ni ce, *itadaku*. Idan shi ya faɗa, *ossharu*. Idan ni na faɗa, *mōsu*. A aji na haddace jadawalin tsaf. Inda abin ya rikice shi ne maganar ciki da waje: idan baƙo ya bugo waya yana neman shugabanka, ba za ka ɗaga shugaban ba, ƙasƙantar da shi za ka yi tare da kanka, ka kira sunansa babu *san*, kalmar girmamawar da ake liƙa wa suna. Ranar farko da na yi haka harshena ya yi nauyi, ji nake kamar na yi rashin kunya.

A wurin aikin wucin gadi na koye shi. Ɗalibi baƙo yana da izinin awa 28 a mako, na yi nawa a wani kanti, inda nake maimaita jimlolin nan ga masu saye har suka zauna. Saƙon imel ga malami kuwa, na ajiye duk wanda ɗalibai Japanawa suka turo wa rukuninmu, ina kwaikwayon yadda suke buɗewa da rufewa.

Ɗan Zangon Kumasi

Ni a N2 na tsaya, kuma da gangan. Digirina na uku da Turanci ne, gwaje-gwaje sun cinye lokacin, ga iyali. Na zauna na duba abin da nake buƙata: asibiti, makarantar yara, ofishin gunduma, hira da ma'aikatan ɗakin bincike. Na riƙe waɗannan da kyau, na bar adabi da jarida. Yanzu na dawo gida, maganar tana raguwa saboda babu abokin yi, amma karatun yana nan, har ina duba takardun fanninmu da ba a fassara ba. Ɗan'uwa, ka tambayi kanka me za ka yi da harshen bayan ka gama, domin amsar ce za ta nuna maka inda za ka zuba ƙarfinka.

Malamar Zariya

Babu wanda ya yi maganar rubutu, bari in cike. Kundin kammala digirina da Japananci na rubuta shi. Rubutun ilimi salon *de aru* yake bi, babu *desu* babu *masu*, kuma akwai kalmomin haɗa jimla da ba a jin su a hira sam. Jami'armu tana haɗa ɗalibi baƙo da ɗalibi Bajapane mai taimaka masa. Tawa takan karɓi shafi ɗaya ta dawo mini da shi ya yi ja da biro. Kusan duk gyaran a wuri biyu yake: ƙananan kalmomin nahawunsu *wa* da *ga*, sai aikatau masu zuwa biyu-biyu, irin *kawaru* da *kaeru*, abu ya sauya da kansa ko wani ya sauya shi. Na ware littafi ina kwafe jimlata a sama, gyaranta a ƙasa. Kafin a kai babi na uku jan ya ragu sosai.

Ban da wannan, ina karatun nishaɗi a laburare, littattafai masu sauƙi waɗanda suka gaza matakina, babu ƙamus, idan ɗaya ya gundure ni in ajiye in ɗauki wani. Malaman harshe suna kiran sa *tadoku*, kuma shi ya cire mini tsoron shafi cike da kanji.

Ƙanena Bakatsine, ka je wurin malaminka ka roƙi minti biyar a taron mako, ka bayyana sakamakon gwajinka da Japananci, sauran ka ƙarasa da Turanci. Ka rubuta shi tun da wuri, mai taimaka maka ya gyara, ka karanta da ƙarfi har ya zauna a baki. Idan kuma kana son N2 ta Disamba, ka sa ido tun tsakiyar Agusta, a watan ake buɗe rajista, kuma ba ta daɗewa a buɗe.